Satar bilain daga SB da bb 25 zuwa 30, ni kaɗai nake shan kashi ne?

Dan_Tudun_Wada:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masanan wannan wasa ku zo ku warware min wani abu da ya hana ni sakat kusan sati uku kenan.

Ina buga gasar wasan kati na poka, wato Texas Hold'em a waya, irin ta kyautar nan da ba a sa ko sisi, cips ne kawai na wasa, na faɗa tun yanzu kafin wani ya taso min da wa'azi. Matsalata duk a tsakiyar gasa take, lokacin da cips ɗina ba su yi yawa ba kuma ba su yi kaɗan ba, kamar bb 25 zuwa 30 haka. Ga wanda bai sani ba, bilain shi ne cips ɗin dole da mutum biyu ke zubawa kafin a raba kati: mai kujerar SB ya zuba ƙarami, na hagunsa mai kujerar BB ya zuba babba, bb ɗaya kuma shi ne adadin babban. Duk bidiyon da na kalla a YouTube cewa suke in kowa ya ajiye kati har abin ya zo kanka to ka yi rez, wato ka ɗaga abin da aka zuba, ka kwashe bilain, wai da haka ake rayuwa a gasa. Daga botin, kujerar da ke kafin SB, wallahi yana min aiki. Amma daga SB kamar an min asiri.

Ga abin da ya faru jiya da daddare. Bilain 800/1600, anti (ƙarin cips na dole) 1600 wanda BB ke zubawa, ina da 45,000 wato bb 28. Kowa ya ajiye, na duba na ga K da 7 ba iri ɗaya ba (zanen jikinsu daban), na yi rez zuwa 3200. Mutumin BB ko tunani bai yi ba ya biya. Fulof, katuna uku na farko da ake buɗewa a tsakiya, ya zo J 8 4, na zuba 3000, ya biya, kati na huɗu 2, na yi cek (na wuce ban zuba ba), ya zuba, na ajiye. Da aka zagayo na samu Q9, na sake 3200, sai kawai ya turo min duka cips ɗinsa, na ajiye. Zagaye na uku A3 iri ɗaya, rez, ya biya, fulof K 10 6 babu ko ɗaya nawa, cek, ya zuba, na ajiye. Kafin in ankara na koma 26,000, bilain kuma ya hau 1000/2000, wato daga bb 28 na dawo 13 ba tare da na ga ƙarshen hannu ko ɗaya ba.

To yanzu rez ɗin ne ya yi kaɗan, ko katin da nake zaɓa ne ba daidai ba, ko kuwa in haƙura da SB gaba ɗaya in dinga ajiyewa sai in na samu babban kati?

Lissafi_Dole:

Wa alaikumus salam. Malam babu wanda ya maka asiri, kai ne kake karya wa mutumin farashi har ba yadda za a yi ya ƙi saye. Bari mu ƙirga da bb saboda ya fi sauƙi.

Kafin kowa ya taɓa komai akwai rabi naka a tsakiya, 1 na BB, 1 na anti, jimla 2.5. Ka yi rez zuwa 2. Yanzu tsakiya akwai 4, shi kuma 1 kacal zai ƙara. Mutum ya sa 1 don ya ci 4, ai ko sau ɗaya yake ci cikin biyar bai yi asara ba, kashi 20 kenan. To 7 da 2 ba iri ɗaya ba, wanda kowa ya sani shi ne katin banza na ƙarshe, yana da kusan kashi 35 in an gwada shi da kowane irin hannu barkatai. Ka gaya min wa zai ajiye maka? Ko ni ne a BB ɗin ba zan ajiye ba, ko da ban duba katina ba.

Sannan abin da ya fi wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa botin ke maka aiki SB ba ya yi: duk kujerar da ka yi rez daga ita BB ya biya, kai ne mai magana a ƙarshe bayan fulof, in ban da SB. A SB kaɗai ne ɓarawo ke shiga gaba mai gida yana binsa a baya. Hannun da ba tagwaye ba (tagwaye su ne kati biyu masu lamba ɗaya) yana haɗuwa da fulof kusan sau ɗaya cikin uku ne kawai, sau biyu ba ka da komai, shi ma haka, amma bambancin shi yana ganin abin da ka yi kafin ya yi nasa. Ka yi cek ya san ka ji tsoro, ka zuba ya biya ya jira ka yi cek a kati na huɗu. Abin da ya maka da K7 ɗin nan kenan, ina iya rantsuwa ba lalle yana da J ba.

Don haka in za ka yi rez daga SB ka ɗaga shi, 3 ko 3.5. Da 3 kana ƙara 2.5 don cin 2.5, in ya ajiye rabin lokaci ka mayar da kuɗinka tun kafin a buɗe fulof, shi kuma yanzu sai ya sa 2 don cin 5, wajen kashi 29 yake buƙata. Har yanzu zai biya da yawa fa, kar ka ɗauka magani ne, amma aƙalla tarkacen ƙasa zai zubar.

Ɗaya hanyar kuma da ban ga ka ambata ba ita ce cikewa kawai, ka ƙara rabin bb ɗin nan ka shiga. Rabi don cin 2.5, sau ɗaya cikin shida ya wadatar. Babu ciniki mai araha kamar wannan a teburin gaba ɗaya. K7 ɗinka da Q9 ɗinka duka, da cikewa ka yi da su, da ka tsira da cips masu yawa.

Dan_Zongo_Kumasi:

Oga Lissafi na gaishe ka, lissafinka daidai ne amma ni maganar cikewar nan ba ta kwanta min ba. Mu tun da muka fara wasan nan abin da aka koya mana shi ne ko ka yi rez ko ka ajiye, mai cikewa kamar yana cewa ne don Allah a bar ni in ga fulof, kuma duk ɗan wasa mai ido da ya ga haka zai ɗora maka rez ka ajiye, to me ka ci? Ka ƙara masa rabin bb kyauta.

Ni abin da zan ce wa ɗan uwa mai tambaya, ka bar kallon kati ka kalli mutum. Wanda ke BB lokacin da kake SB mutum ɗaya ne, shi ne dai na hagunka, maƙwabcinka ne har sai an fasa tebur ko ɗayanku ya fita. Sau uku ka taɓa shi sau uku ya nuna maka ba ya barin nasa, to me ya kai ka na ukun? Ai tun na biyu da ya turo duka ya gaya maka ko shi waye. Akwai wani dattijo da muke bugawa da shi a gidan wani abokina, mutumin nan in yana BB yana riƙe da katinsa da hannu ɗaya ya ɗan ɗaga shi sama kamar mai shirin jefarwa tun kafin abin ya zo kaina, in na ga haka ko 9 da 3 ne a hannuna rez nake yi, kuma wallahi cikin goma zai ajiye takwas, yana cewa yaro ɗauki, ba a faɗa a kan ƙaramin abu. Irin wannan ko ƙaramin rez ya ishe shi, ɓarna ce ma ka sa masa 3.5. Amma in aka sauya kujera yaron nan ɗan jami'a ya dawo haguna, sai in kama kaina, in jira botin da kujerar da ke kafin botin in yi satata a can.

A waya ba ka ganin hannun mutum amma kana ganin sauri, kana ganin sau nawa ya bar BB ɗinsa ga wasu. Ka dinga lura ko da ba ka cikin hannun.

Malamin_Manchester:

Dan Zongo yayana, maganar kallon mutum na yarda ɗari bisa ɗari, amma ko rez ko ajiyewa ɗin nan tsohon karatu ne kuma ba don gasa mai anti aka yi shi ba. A wasan da ba gasa ba, inda babu anti kuma gida yana yankar kasonsa daga duk tukunyar da ta kai fulof, nan ne shawarar take da ma'ana. Can abin da ke tsakiya 1.5 ne kawai. Amma a gasa, musamman tunda aka koma BB shi ke zuba anti na tebur duka, wanda WSOP, hukumar manyan gasannin poka ta Las Vegas, ma ta koma kansa har a babbar gasarta a 2019, tukunyar ta zama 2.5 tun ba a fara ba, sai ajiyewa daga SB ta zama tsada, cikewa ta zama araha.

Ni ina buga gasar kyauta ta mako-mako a nan unguwarmu, kuma na ɓata lokaci mai yawa a kan solba, manhajar da ke lissafa yadda ya fi dacewa a buga kowane hannu, irin su GTO Wizard da PioSOLVER. Duk wanda ya buɗe SB da BB a bb 25 ko 30 da anti zai sha mamaki, domin cikewa ita ce abin da kwamfutar ta fi yi, rez kaɗan ne, ajiyewa ma kaɗan ce, sai tarkace na gaske. Kuma amsar tsoronka yaya tana nan: ba katin banza kaɗai ake cikewa da shi ba. In kullum ka cike da K7 ka yi rez da AK, to ai ka rubuta katinka a goshi, dole ya ɗora maka. Sai ka haɗa da manya a ciki, wani lokaci AA, KK, AK ka cike da su shiru. Ya ɗora 3.5 yana murna, kai kuma ka turo duka. Sau biyu in ka masa haka zai fara cek da kansa, shi kenan K7 ɗinka ta samu ganin fulof a kan rabin bb.

Kuma ba sai da manya kaɗai ake turowa ba. A5, A4, A3 iri ɗaya da ƙananan tagwaye kamar 44 da 55 suna da kyau a nan. Dalilin A ɗin: AA hanyoyi 6 ake haɗa shi, in A ɗaya na hannunka ya koma 3. AK hanyoyi 16, ya koma 12. Wato ka rage masa katin da zai iya biyanka da su, in kuma ya biya da KK ma kana da wajen kashi ɗaya cikin uku, ba ka mutu ba tukuna. A3 ɗin nan da mai tambaya ya yi ƙaramin rez da ita ya ajiye a fulof, ta ban haushi wallahi, lokacin cips ɗinsa sun sauka wajen bb 18, hannun turowa ne ko cikewa da niyyar turowa.

Bari ma in nuna lissafin tura duka kai tsaye da bb 18. Kana ƙara 17.5 don cin 2.5, a ido kamar hauka. To mu ce yana biya da kashi 20 na katinsa, wanda a gasar kyauta wasu sun fi haka wasu ba su kai ba. Sau 80 cikin ɗari ka kwashi 2.5, wato 2 kenan a matsakaici. Sau 20 ya biya, tukunya 37, mu ce kana da kashi 35 kawai, za ka dawo da kusan 13 daga 17.5 da ka sa, asarar 4.5, sau kashi 20 ya zama 0.9. Cire 0.9 daga 2, saura fiye da bb 1 riba. Kuma ka huta da ciwon kan buga fulof kana gaba yana baya, wanda shi ne asalin abin da ke cinye ka. Amma wannan na bb 18 zuwa ƙasa ne fa, da 28 kar ka fara turo K7, abin da za ka sa ya yi wa abin da za ka ci yawa.

Abu ɗaya da zan bar wa Dan Zongo: in BB irin dattijonsa ne, a jefar da solba a kwandon shara a yi ta rez. Kwamfuta tana ɗauka ne abokin wasanka ma kwamfuta ne.

Abu_Hanan:

Ku dai ji tsoron Allah. Ko da kuɗi ko babu kuɗi, hanyar caca ce wannan, da wasa ake fara ta. Duk wannan ƙwaƙwalwar lissafin da a wani abin kuka sa ta.

Dan_Tudun_Wada:

Malam Abu Hanan na gode da tunatarwa, Allah ya saka. Na dai faɗa tun farko ba na sa kuɗi kuma ba ni da niyya.

Oga Lissafi da Malamin Manchester kun buɗe min ido, ban taɓa ƙirga abin daga ɓangaren BB ba, kullum nawa nake kallo. Amma akwai abin da ban faɗa ba, lokacin da ya turo min duka a kan Q9 ɗin nan saura mutum kamar goma sha biyar a kai matakin da ake fara ba da maki, kuma ya fi ni cips sosai, yana da wajen 110,000. Wannan yana canza wani abu?

Kanwar_Sarki:

Kai, ai da wannan ya kamata ka fara. Yana canza komai ma. Duk lissafin da yayyena suka yi a sama na cips ne zalla, kamar kowane cip darajarsa ɗaya, amma kusa da bobul, wato gab da matakin da ake fara ba da maki, ba haka ba ne, cip ɗin da za ka rasa ya fi wanda za ka ci ciwo, saboda in ka ƙare ka tafi gida hannu rabbana, in ka ninka kuma ba wai ladanka ya ninka ba ne. Shi ake ce wa ICM.

Abin da za ka tambayi kanka kafin ka taɓa SB a wannan lokacin shi ne wa zai iya fitar da wani. Mutum mai 110,000 kai mai 35,000, shi zai iya kore ka, kai ko ka ci shi yana nan zaune daram. Ya san haka, kuma ya san ka sani, shi ya sa zai turo maka da 10 da 6 ma ba tare da gabansa ya faɗi ba, don ya san ba za ka biya da Q9 ba, ko A9 ma sai ka yi dogon tunani. Duk rez ɗin da za ka ajiye in an turo, sadaka ce kake ba shi a wannan yanayin. Nan kam ko ka cike ka ga fulof da araha, ko ka ajiye abinka ba kunya, rabin bb ne.

In kuma abin ya juye, kai ne mai 110,000 shi mai bb 20 yana lallaɓawa ya kai maki, to ranar taka ce, ka matsa masa kowane zagaye, shi ne zai dinga ajiye katin da a wani lokaci da gudu zai biya da su. Wanda kawai za ka yi hattara da shi shi ne mai bb 5 ko 6, wannan ya riga ya sadaukar, zai biya ka da komai.

Dan Zongo kuma ka daina raina masu cikewa, ni da cikewar na fitar da maza da yawa.

Dan_Zongo_Kumasi:

Hajiya tuba nake, ban san kina nan ba. Amma dai har yanzu in na cike da AA ya yi cek ya ci ni da 9 da 5 a riba, ba ribar kasuwa ba katin ƙarshe nake nufi, ke zan zo in nema.

Dan_Tudun_Wada:

Na dawo da labari. Daren jiya na gwada. Bilain 1000/2000, ina da 48,000, na hagu wani ne mai son ɗorawa, na lura sau biyu ya yi wa mutane haka. Zagayen farko J6 iri ɗaya na cike, ya ɗora 7000, na ajiye, 1000 kawai na ƙara don haka ban ji komai ba. Zagaye na biyu 8 da 3, na ajiye tun farko. Na uku sai ga A5 iri ɗaya, na cike, gabana na faɗuwa, ya sake ɗora 7000 kamar yadda na zata, na turo duka. Agogonsa ya yi ta tafiya har ya kusa ƙarewa sannan ya ajiye ya rubuta min wani abu da yaren da ban sani ba, ina jin zagi ne. Na kwashi 7000 ɗinsa da anti 2000. Bayan nan sau biyu na cike yana cek.

To a nan ne kuma na sake rikicewa. Na cike da Q8, ya yi cek, tukunya 6000, fulof K 5 2 kala daban-daban, ban da komai, ni ne farkon magana. Na tsaya ina tunani in zuba ko in yi cek, in zuba nawa, har netwok ya yanke min, kafin ya dawo an min cek da kansa, shi ya zuba an ajiye min kati. Da netwok bai yanke ba me ya kamata in yi?

Malamin_Manchester:

A K 5 2 ka zuba 2000, bb ɗaya tak. Da yana da babban K ko tagwaye masu kyau ai da ya ɗora tun kafin fulof tunda halinsa ne, cek ɗinsa ya nuna yawancin hannunsa tarkace ne. Kana sa 2000 don cin 6000, sau ɗaya cikin huɗu in ya ajiye ka fita, kuma zai ajiye fiye da haka nesa. In da fulof ɗin irin 8 7 6 ne ko 9 8 5, wannan unguwarsu ce, sai ka yi cek in ba ka da komai, duk da da Q8 ɗinka a can ma ka samu abin riƙewa.

Lissafi_Dole:

Maganar netwok kuma babu solbar da ta warware ta har yau. Ka koma kusa da taga.